Marubucin da Ba a Taɓa Ganin Fuskarsa Ba

A ƙarshen watan Agusta na 1974, dubban masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya suka hallara a birnin Washinton na Amurka domin babban taronsu na shekara-shekara, wanda suke kira Worldcon. A daren raba kyaututtuka aka kira sunan wanda ya lashe kyautar Hugo a rukunin matsakaicin labari, wato wanda ya fi gajeren labari tsawo amma bai kai cikakken littafi ba. Sunan shi ne James Tiptree Jr. Mai sunan bai taso ba, domin ba ya cikin zauren. Duk cikin jama'ar nan babu mutum ɗaya da zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa ganin fuskarsa, ko ya taɓa jin muryarsa a waya. Iyakar abin da aka sani shi ne akwatin gidan waya mai lamba 315 a garin McLean na jihar Virginia, garin da tsakaninsa da wurin taron bai kai tafiyar awa guda a mota ba.

Kyaututtuka biyu ne manya a wannan fage, kuma duk marubucin da ya samu ɗaya daga ciki ya shiga sahun gaba. Hugo ce babbar yaya. An fara ba da ita a 1953 a birnin Philadelphia, daga 1955 kuma ba a sake tsallake shekara ba. Sunan Hugo Gernsback ta ci, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Masu karatu ne ke zaɓen gwani: duk wanda ya biya kuɗin rajistar taron yana da ƙuri'a, abin da ake miƙa wa wanda ya ci kuma wani ɗan kumbo ne na ƙarfe mai sheƙi. Ta biyun ita ce Nebula, wadda ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Amurka ta fara bayarwa a 1966. A nan marubuta ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a, abokan sana'a na yi wa juna alƙalanci. Babu ko sisi a cikin kyaututtukan biyu. Daraja ce zalla, amma irin darajar da ke sa mawallafa su buga sunan kyautar a bangon littafi, su kuma riƙa bin marubuci har gida. Labaran da ake karramawa su ne na tafiya sararin samaniya, da halittun wasu duniyoyi, da yadda rayuwa za ta kasance nan da ɗaruruwan shekaru, sai kuma na almara masu aljanu da tsafi. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya san irin labaran da ake nufi.

Tiptree ya shigo fagen ne a watan Maris na 1968 da wani labarin raha a mujallar Analog, wanda bai tayar da wata ƙura ba. Da shekara ta zagayo sai ya fitar da "The Last Flight of Dr. Ain". Shafuka kaɗan ne, labarin wani masanin ƙwayoyin cuta da ke ta hawa jirgi daga wannan ƙasa zuwa waccan, ba shi da lafiya, yana watsa wa tsuntsaye abinci a inda ya sauka. Sai tafiya ta yi nisa mai karatu zai farga cewa da gangan mutumin ke baza annobar da za ta shafe 'yan Adam, saboda tsananin ƙaunar da yake yi wa duniyar da ya ga suna kashewa. Tun daga nan aka fara tambayar ko wane ne wannan. Rubutunsa na da sauri da kaifi. Akwai bindiga a ciki, akwai jeji, da jiragen sama, da ofisoshin gwamnati, a ƙarƙashin duka kuma akwai wani baƙin ciki mai nauyi game da mutuwa da sha'awa da kaɗaici. Ya ci Nebula ta 1973 da labarin wata halitta mai kama da gizo-gizo wadda ta yi iyakar ƙoƙarinta ta fi ƙarfin ɗabi'ar da aka halicce ta da ita, ta kasa. Labarin da ya ci Hugo a Washinton kuwa, "The Girl Who Was Plugged In", na wata yarinya ce mai nakasa da munin halitta wadda wani kamfani ya kulle a ɗaki, ya jona wayoyi a jikinta, domin ta riƙa sarrafa gangar jikin wata kyakkyawar budurwa daga nesa. Duniya na son budurwar, ana sayen duk abin da ta sa ko ta riƙe, ba wanda ya san da wadda ke can ɗaki tana ba ta rai. An buga labarin a 1973, shekaru masu yawa kafin a san masu tallar kaya da fuskarsu a intanet.

Rashin ganinsa bai sa an rasa jin ɗuriyarsa ba. Mutum ne mai yawan wasiƙa. Yana rubuta wa editoci, da matasa masu tasowa, da manyan marubuta irin su Philip K. Dick da Joanna Russ da Ursula K. Le Guin, wadda abotarsu ta takarda ta yi ƙarfi ƙwarai. Yakan sa hannu da Tip, wani lokaci ya kira kansa Kawu Tip. Yana da barkwanci da yabon aikin wasu, ga ƙarfafa gwiwar na baya. A cikin wasiƙun yakan saki labarin kansa kaɗan-kaɗan: ya yi ƙuruciya yana yawo a dazuzzukan Afirka tare da iyayensa, ya yi soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi wani aikin gwamnati da ba a cika buɗe baki a kansa ba, yana zuwa kamun kifi a gaɓar Yucatan ta ƙasar Meziko, yana kuma da tsohuwar uwa a Shikago da yake fama da jinyarta. Da yake hedkwatar hukumar leƙen asiri ta CIA a yankin McLean take, mutane suka yanke cewa wani babban jami'in asiri ne da aiki ya hana shi fitowa fili. A farkon lamarin, kafin ya koma amfani da akwatin gidan waya, wani matashin marubuci mai suna David Gerrold ya taɓa bin adireshin har ƙofar gida. Wata mata ce ta buɗe, ta nuna masa ba a nan ba ne, ya juya ya tafi.

An samu 'yan tsiraru da suka yi zargin ko mace ce, kuma zargin ba daga sama ya faɗo ba. A wannan fanni mata sun daɗe suna sakaya sunansu. Catherine Moore da C. L. Moore aka san ta, Alice Norton ta koma Andre Norton, ita kanta Le Guin a 1969 wata mujallar maza ta nemi ta sa U. K. Le Guin don kada masu karatu su gane. Sai a 1968 mace ta fara cin Hugo da ƙagaggen labari, wato Anne McCaffrey. Amma manyan fagen sun yi fatali da zargin. A 1972 Harlan Ellison ya rubuta cewa a wannan shekara Kate Wilhelm ce gwanar mata, Tiptree kuma shi ne gwanin maza. A 1975 Robert Silverberg, marubuci mai kaifin basira wanda shi ma ya tara kyaututtuka, ya rubuta gabatarwa ga tarin labaran Tiptree mai suna Warm Worlds and Otherwise. A ciki ya ce maganar wai mace ce ba ta da kan gado, domin akwai wata mazantaka a rubutun da ba ta ɓoyuwa. Ya ƙara da cewa kamar yadda namiji ba zai iya rubuta littattafan Jane Austen ba, mace kuma ba za ta iya na Ernest Hemingway ba, haka labaran Tiptree sai namiji.

Cikin labaran da ke wannan tari akwai wanda ya fi kowanne jawo masa yabo, "The Women Men Don't See", wato matan da maza ba sa gani, wanda ya fara fitowa a Disamban 1973. Mai ba da labarin wani Ba'amurke ne, Don Fenton, da ƙaramin jirginsu ya faɗi a fadamar gaɓar Yucatan. Tare da shi akwai matuƙin jirgin, da wata mata mai suna Ruth Parsons, da 'yarta. Tun daga shiga jirgi Fenton bai ɗauki matan nan a bakin komai ba. Ya zaci za su rikice da kuka ya zama shi ne mai ceto, sai ya ga ko a jikinsu. A hirarsu Ruth ta fahimtar da shi cewa ita ba ta sa ran mata za su taɓa samun wani 'yanci mai ɗorewa ba, abin da suka iya kawai shi ne lallaɓawa su rayu a lungunan duniyar da maza suka gina. Da wasu halittu daga wata duniya suka bayyana a fadamar, Fenton ya zaro bindiga don ya kare ta. Ita kuwa roƙon baƙin ta yi su tafi da ita da 'yarta, ko ina ne, ba tare da ta san abin da ke can ba. Suka tafi, suka bar shi yana tambayar kansa wace irin mace ce za ta zaɓi baƙin halittu a kan duniyarta.

Marubuta suka sa labarin cikin jerin masu takarar Nebula. Yabon da ake ta yi shi ne, ga namiji ɗaya da ya fahimci mata har cikin zuciya. Ana cikin haka sai Tiptree ya aika cewa a cire labarin daga takara. Dalilin da ya bayar shi ne a bar wa matasa dama su ma su samu. Daga baya Le Guin ta bayyana fahimtarta game da abin: yabon ya ginu ne a kan cewa namiji ne ya rubuta, karɓar kyauta a kan wannan kuwa zai zama cin amana. A ganina wannan ne wuri mafi muhimmanci a labarin nan gaba ɗaya. Mai sunan bogi bai ga laifin karɓar kyauta a kan ingancin rubutu ba, domin rubutun nasa ne. Da ya lura za a ba shi ne a kan abin da ba shi ne ba, sai ya janye hannu, alhali ba wanda zai taɓa kama shi.

A cikin waɗannan shekaru wata sabuwar marubuciya ta bayyana, Raccoona Sheldon, wadda aka ce tsohuwar malamar makaranta ce. Editoci suka riƙa dawo mata da labaranta. Sai da Tiptree ya haɗa mata da takardar shaida, yana cewa ga wata ƙawarsa a duba aikinta, sannan ƙofa ta fara buɗewa. Adalci shi ne a ce duk sabon suna yana shan wannan wahala, na mace ko na namiji. Duk da haka hannu ɗaya ne ya rubuta labaran Raccoona da na Tiptree, a gida ɗaya. A 1975 kuma wani matashi a Baltimore mai suna Jeffrey Smith, wanda ke buga wata 'yar mujallar masu sha'awa, ya shirya muhawara ta wasiƙa a kan matsayin mata a wannan adabi. Ya gayyaci fitattun marubuta mata, ya haɗa da Samuel Delany da Tiptree a ɓangaren maza. Ra'ayoyin Tiptree suka ɓata wa wasu daga cikin matan rai, suka mayar masa da martani mai zafi a matsayinsa na namijin da ya shiga maganar da ba tasa ba.

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin gaskiya ce ta ƙure shi. A ƙarshen Oktoban 1976 Tiptree ya sanar da abokansa cewa mahaifiyarsa ta rasu a Shikago. Ya riga ya sha faɗa musu cewa marubuciya ce kuma ta yi yawon Afirka. Jeffrey Smith ya nemi jaridar Shikago ya duba shafin rasuwa. Ga ta nan: Mary Hastings Bradley, marubuciya, matafiyiya, ta rasu tana da shekara 94. Ta bar 'ya ɗaya tak, Alice, matar Huntington Sheldon. Smith ya rubuta wa akwati mai lamba 315 yana tambaya cikin ladabi. Amsa ta zo cewa haka ne. James Tiptree Jr. mace ce mai shekara 61, sunanta Alice Bradley Sheldon, ita ce kuma Raccoona.

An haife ta a Shikago ranar 24 ga Agusta, 1915. Mahaifinta Herbert Bradley lauya ne mai sha'awar namun daji. Tana da shekara shida, a 1921, iyayenta suka tafi da ita Kwango, wadda ke ƙarƙashin mulkin mallakar Beljiyam a lokacin, cikin ayarin Carl Akeley mai farautar goggon biri domin gidan adana kayan tarihin halittu na birnin New York. 'Yan dako ne suka riƙa ɗaukar yarinyar a wuya cikin duwatsun yankin tafkin Kivu, kamar yadda Turawan wancan zamani suka saba tafiya a kan wuyan mutanen ƙasa. Uwar ta rubuta littattafan yara biyu a kan tafiye-tafiyen 'yarta, jaridun Amurka suka yi ta buga hotonta. Tun ba ta san kanta ba ta zama abin kallo, wata ce kuma ke ba da labarinta. Ta yi auren fari na gaggawa a 1934, auren ya mutu a 1941. Ta yi zane, ta yi sharhin zane-zane a jaridar Chicago Sun. A 1942 ta shiga rundunar mata ta sojan Amurka, aka koya mata karanta hotunan da jirage ke ɗaukowa daga sama don gano masana'antu da sansanonin abokan gaba, har ta kai muƙamin manjo. A 1945 a birnin Faris ta auri Kanar Huntington Sheldon, wanda ake kira Ting. Bayan yaƙi suka buɗe gidan ƙyanƙyasar kaji a jihar New Jersey. A 1952 su biyun suka shiga CIA. Ta bar aikin a 1955 ta koma makaranta, a 1967 ta samu digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam daga Jami'ar George Washington, da bincike a kan yadda ɓeraye ke tunkarar abin da ba su saba gani ba. Shekarunta 51.

A wannan shekarar ce ta rubuta wasu gajerun labarai don ta huta da wahalar karatu. Ba ta so sunanta na malamar jami'a ya fito a irin mujallun da ake rainawa. Wata rana suna sayayya a kanti da mijinta ta ga kwalbar jam ɗin lemo da ake shafa wa burodi, an rubuta Tiptree a jiki, sunan wani ƙauye a Ingila inda ake yin sa. Ta ce James Tiptree. Ting ya ƙara da Junior, wato ƙarami. Daga baya ta ce ta ga sunan namiji zai zame mata mafaka, domin ta gaji da zama mace ta farko a kowane aikin da ta shiga, ana zuba mata ido.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in ban da suna da jinsi, kusan duk abin da Tiptree ya faɗa game da kansa gaskiya ne. Afirka gaskiya ce, soja gaskiya ne, aikin asiri, kamun kifi, tsohuwar uwa a Shikago, babu na ƙirƙira. Masu karatu ne suka ji an ambaci bindiga da jeji da leƙen asiri, suka kammala sauran hoton da kansu, suka kuma rantse sun ji muryar namiji a cikin jimlolin. Mutanen nan ba wawaye ba ne, su ne suka fi kowa iya karatu a fanninsu, kuma sana'arsu ita ce hasashen duniyoyin da ba a taɓa gani ba. Macen da ta yi irin wannan rayuwa ce kawai ba su hasaso ba.

Alice ta rubuta wa aminanta ɗaya bayan ɗaya tana neman afuwa, cike da tsoron za su guje ta. Le Guin ta amsa da farin ciki, abotarsu ta ci gaba. Silverberg ya karɓi abin da dattaku. A wani bugu na gaba na littafin nan ya ƙara bayani cewa ta rufe shi ruf kamar yadda ta rufe kowa, ta kuma sa dole a sake duba maganar wai akwai rubutun maza da na mata. Kyaututtuka ba su tsaya ba. "Houston, Houston, Do You Read?", labarin wasu 'yan sama-jannati maza uku da suka ɓace suka dawo bayan ɗaruruwan shekaru suka tarar annoba ta shafe maza, mata kaɗai ke rayuwa cikin lumana, ya ci Nebula ta 1976 da Hugo ta 1977. Raccoona ma ta samu tata Nebula ta 1977 da "The Screwfly Solution". Ta ɗauko shi ne daga wata dabara ta gaske da Amurka ta yi amfani da ita wajen kawar da wani ƙuda mai cin naman shanu, ta hanyar lalata haihuwarsa. A labarin, wasu baƙi daga sama ne suka yi wa 'yan Adam irin haka: suka karkatar da sha'awar maza ta koma kisan mata, mazan kuma suka ƙirƙiro aƙidar da ta halatta musu. Jimilla Hugo biyu da Nebula uku.

Sai dai tonuwar asirin ta yi mata illar da ba a gani daga waje. Muryar Tiptree ce ke ba ta 'yancin faɗin abin da take so, da aka ƙwace ta sai alƙalamin ya yi nauyi. Ta koka cewa yanzu ita ba kowa ba ce illa wata tsohuwa a Virginia. Ta ci gaba da rubutu da sunan Tiptree, ta fitar da cikakkun littattafai biyu a 1978 da 1985, amma masu sharhi da yawa na ganin kaifin shekarun farko bai dawo duka ba. Ciwon damuwa da ta daɗe tana fama da shi ya tsananta, ga ciwon zuciya. Ting ya tsufa, idanunsa sun kusa rufewa, ita ke kula da shi. Ta shafe shekaru tana gaya wa abokai cewa ba za su jira tsufa ya wulaƙanta su ba, tare za su tafi. Cikin daren 19 ga Mayu, 1987, ta harbe mijinta yana barci, yana da shekara 84. Ta kira lauyansu ta gaya masa, sannan ta kashe kanta. Shekarunta 71. Wasu na kusa da su sun yi imani da yardarsa aka yi. Wasu kuma sun ce ba su ga alamar ya shirya barin duniya ba.

Bayan shekara huɗu, a 1991, a taron WisCon da ake yi a garin Madison na jihar Wisconsin, marubuciya Pat Murphy ta miƙe ta sanar da cewa ita da Karen Joy Fowler sun kafa sabuwar kyauta ta shekara-shekara, domin labaran kimiyya da na almara masu zurfafa tunani a kan matsayin mace da namiji. Kyaututtukan fannin da ke ɗauke da sunan mutum a lokacin na maza ne: Hugo Gernsback, John W. Campbell, Philip K. Dick, Arthur C. Clarke, Theodore Sturgeon. Sai suka sa wa tasu James Tiptree Jr. Ba su da attajiri a bayansu, don haka suka riƙa toya kek da biskit suna sayarwa a wuraren taro, suka buga littattafan girke-girke, da kuɗin suke ba wanda ya ci dala 1,000 da cakulan da wani aikin zane. Alƙalai ne ke zaɓe a nan, ba ƙuri'ar jama'a ba. Eleanor Arnason da Gwyneth Jones ne suka fara ci, ita ma Le Guin ta ci daga baya. A 2006 Julie Phillips ta fitar da cikakken tarihin rayuwar Alice Sheldon, littafin da shi ma ya ci Hugo a 2007.

A watan Agustan 2019, a taron Worldcon na birnin Dublin, wata matashiyar marubuciya, Jeannette Ng, ta hau mumbari karɓar kyautar sabon marubuci mai ɗauke da sunan John W. Campbell, editan nan da ya fara buga labarin Tiptree. A nan take ta soki Campbell da aƙidar wariyar launin fata da ta kama-karya. Cikin 'yan kwanaki aka sauya wa kyautar suna. Daga nan ido ya koma kan kyautar Tiptree. Masu buƙata ta musamman, makafi da guragu da masu doguwar jinya, suka ce sun san wannan labari sarai: mai jinya ya kashe wanda yake kula da shi, duniya ta kira abin soyayya ko tausayi. Suka ce ba za su iya murna da kyautar da ke ɗauke da sunan wadda ta aikata haka ba. Da farko kwamitin ya ce ba zai sauya ba. Da ƙorafi ya yi yawa ya sake zama, a watan Oktoba ya sanar da cewa daga yanzu sunanta kyautar Otherwise.

Ina tare da waɗanda suka nemi a sauya. Ina jin tausayin Alice Sheldon, domin ciwon damuwa ciwo ne na gaske, kuma ta ɗauke shi kusan duk rayuwarta. Amma ran Ting ba nata ba ne, nata ma ba nata ba ne. Tsoho ne da ba ya gani sosai, ya kwanta barci a gidansa kusa da wadda ya fi amincewa da ita. Ko da a ce sun taɓa yin alƙawari, a daren nan ba a tashe shi an tambaye shi ba. Wanda aka ba kyauta yana ɗaga sunan da ke jikinta a gaban jama'a, bai kamata a ɗora wa makaho ko mai jinya wannan nauyi ba. Hugo biyu da Nebula uku kuwa suna nan a rubuce da sunayen da ta ci su, ba wanda ya nemi a goge, domin labaran aka ba, kuma labaran sun cancanta. Har yau ana buga su, musamman tarin da ake kira Her Smoke Rose Up Forever.

Littafin farko da ya ci kyautar da sabon sunanta shi ne Freshwater na Akwaeke Emezi daga Najeriya. A shekarar da ta biyo, ta 2020, wani ɗan Najeriya ne ya sake ɗauka, Oghenechovwe Donald Ekpeki, wanda kuma a 2022 aka miƙa masa Nebula a kan labarinsa "O2 Arena".